Me Ke Kai Mutum Ga Laifi, Kuma a Hannun Wa Hukunci Yake?

Muna yi wa Allah Maɗaukakin Sarki godiya irin wadda ta dace da girmanSa, muna roƙonSa Ya ƙara tsira da aminci ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan darasi wani al'amari ne da ya faru a ƙofar masallacinmu bayan an ɗauke amfanin gona. Ranar kasuwa ce, muna cikin alwalar azahar, sai muka ji ihu yana tahowa daga wajen karar dabbobi. Kafin mu miƙe an jawo wani saurayi wanda bai kai shekara ashirin ba, riga a kece, jini yana zuba daga goshinsa. An kama shi yana neman sayar da akuyar wata tsohuwa, wadda ya kwance cikin dare a wani ƙauye na kusa. Dattawa biyu ne suka ƙwace shi daga hannun jama'a suka tura shi cikin shirayin masallaci, mu kuma muka tsaya a bakin ƙofa.

Maganganun da muka ji a wannan tsayuwa su ne suka hana mu barci a daren. Wani ya ce ai gado ya yi, kakansa ma haka aka san shi. Wani ya ce yunwa ce, gidansu ba su sami ko dami goma ba a wannan damina. Wani ya ce abokai ne da taramol. Wani kuma ya ɗaga murya ya ce in an kai shi bariki jibi za a gan shi yana yawo a kasuwa, gara a gama da shi nan take. Kowanensu, ba da saninsa ba, ya faɗi wani ra'ayi da masana suka cika littattafai a kansa, a fannin da littattafan Larabci ke kira Ilmul Ijrami, wato ilimin sanin laifi da masu aikata shi. Kuma mun lura cewa abin da mutum ya ɗauka shi ne sanadin laifi, shi ne ke gaya masa abin da zai yi da mai laifin. Wanda ya ce gado ne, sanda ce a hannunsa.

To, bari mu fara da maganarsa, tunda ita ce ta fi haɗari. A shekarar 1876 wani likita ɗan Italiya mai suna Lomboroso ya fitar da littafi yana cewa akwai mutanen da da laifi ake haihuwarsu, kuma ana iya gane su ta siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwa. Ya auna fursunoni masu yawa, maganarsa ta karɓu a Turai na wani zamani. Sai a shekarar 1913 wani likitan gidan kaso a Ingila, Gorin, ya gwada fursunoni kimanin 3,000 da waɗansu mutane da ba a taɓa ɗaurewa ba, ya tarar irin waɗannan siffofi ba su raba su ba. Turawa sun bar wannan ra'ayi, amma mu har yau yana nan a bakinmu cikin rigar karin magana. Muna cewa hali zanen dutse, muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai mu yanke wa jariri hukunci tun yana goye.

Addininmu ya rushe wannan tun daga tushe. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowane ɗa a kan fiɗira ake haihuwarsa, sannan iyaye su karkatar da shi. Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da Isra'i da Faɗir cewa babu ran da zai ɗauki nauyin zunubin wani. Da hali gado ne, da ɗan Annabi Nuhu bai halaka cikin ruwa ba, da kuma Annabi Ibrahim bai fito daga gidan mai bautar gumaka ba. Fulailu ɗan Iyal, wanda muke jin sunansa cikin manyan masu gudun duniya, ɗan fashi ne mai tare hanya kafin ya tuba. Kuma wannan magana ta gado idan aka bar ta ba ta tsayawa a kan gida ɗaya, sai ta hau kan ƙabila baki ɗaya. Saniya ta yi ɓarna a gona, a ce ai su haka suke. Dattawanmu suna tuna abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara waɗanda ba su kora dabba gonar kowa ba.

Maganar mutum na biyu, mai cewa yunwa ce, tana da ƙanshin gaskiya, don haka za mu daɗe a kanta. Wani masani a Amurka, Marton, ya rubuta a shekarar 1938 cewa idan al'umma ta nuna wa kowa abin da ake so ya mallaka, sannan ta toshe wa waɗansu hanyar samunsa ta halal, to, waɗansu daga cikinsu za su nemi ɓarauniyar hanya. Mu dubi ƙasarmu. Magarya da Dungas, wadda aka raba da Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, suna cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki ashirin ke rabonta yau. Saurayi yana ganin sa'ansa da babur da waya, iyayen yarinya sun jera masa kayan da zai kawo, shi kuwa abin da ya sani shi ne cin rani a Kano ko Legas, ko kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko sayar da man ruwa-ruwa a bakin hanya. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A watan Mayu na 2023 ta janye tallafin man fetur, ribar kwalba ta tsuke. Bayan 26 ga Yuli na wannan shekara aka sake rufe iyaka har cikin farkon 2024. Duk wanda ke zaune tsakanin Sassumburum da Malawa ya san gidajen da tukunyarsu ta yi sanyi a waɗannan watanni.

Shari'a ba ta rufe ido ga wannan ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin bayin Haɗibu ɗan Abu Balta'a, waɗanda suka saci taguwar wani mutum daga ƙabilar Muzaina suka yanka. Aka kai ƙara gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, har ya ba da umurni a yanke hannayensu. Sai ya sake duba al'amarin, ya fahimci cewa ubangidansu yana barinsu da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce an taya ta dirhami 400 ya ƙi sallamawa. Umar ya ɗora wa ubangidan bayin biyan 800. Imamu Malik ya yi bayani cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka kuɗi ba, ana biyan ƙimar dabba ne kawai, kuma mu a kan haka muke. Abin da muke so jama'a su riƙe shi ne, halifa ya tambayi dalili kafin wuƙa ta sauka, kuma da ya gano dalilin sai nauyi ya koma kan mai ƙoshi. Haka kuma malamai sun ruwaito cewa bai yanke hannu ba a shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Waɗanda suka ga El-Buhari a 1984, ko yunwar 2005, sun san irin shekarar da ake nufi.

Amma fa kada wani ya ɗauki wannan ya mai da talauci lasisin sata. A ƙauyen wannan saurayi akwai sa'o'insa da yawa waɗanda su ma ba su sami dami goma ba, suka tafi fadamun Bande da Waca suna saran rake a biya su da yamma. Tsohuwar da aka yi wa satar ta fi shi talauci. Kuma da yunwa ce kaɗai ke sa laifi, da mai ƙoshi bai taɓa cin haram ba. Wani masanin Amurka, Sadaland, ya ja hankalin abokan aikinsa a 1939 ga laifuffukan manya masu mutunci, waɗanda suke yi cikin sana'arsu ba mai ce musu ɓarayi. Mu ce laifin masu manyan riguna. Mai tauye tiya a kasuwar hatsi, wanda Allah Ya saukar da sura guda da sunan irinsa. Wan da ya haɗiye gonar gado ya hana ƙannensa mata rabonsu. Mai riƙon maraya da ya sayar da shanunsa. Ba mu taɓa jin an bi ɗayansu da ihu a kasuwa ba, sau da yawa ma a sahun farko suke salla.

Shi wannan Sadaland ɗin ne kuma ya fi shahara da cewa laifi koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon ƙira ko jima, a wurin waɗanda ake zama da su. Ana koyon dabarar, ana kuma koyon uzurin da ake ba zuciya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai zuwa karatun hadisi. Annabi (S.A.W.) ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera. A hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ya cika na ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da shawarar ya bar garinsu ya koma wurin mutanen kirki. A birnin Damagaram an ga yadda waɗansu majalisun samari suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin da ake kira pale, musamman a unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka keɓe kutare ne. Wata 'yar garin, A'isha Maki, ta yi fim a kansu a 2021. Yaran da aka taso ana ƙyamar iyayensu, makaranta ba ta riƙe su ba, sai suka sami waɗanda suka karɓe su. A nan dole mu malamai mu taɓa namu ƙirjin. Yaro ɗan shekara bakwai da aka ɗora a mota aka tsallaka da shi iyaka da sunan karatu, babu guzuri, babu mai leƙa shi shekara biyu, tasha da bayan sinima su ne za su yi masa tarbiyya. In ya dawo da abin da ya koyo, uban da ya tura shi da malamin da ya karɓi fiye da waɗanda zai iya kula da su suna da kaso a ciki.

Sauran maganar mutum na huɗu, mai cewa a gama da shi nan take. Ƙorafinsa shi ne hukunci ba ya tabbata, kuma a wannan gaɓa masana suna tare da shi. Tun a 1764 Bekariya, shi ma ɗan Italiya, ya rubuta cewa abin da ke hana mutum laifi shi ne sanin cewa lalle za a kama shi kuma hukunci ba zai yi jinkiri ba, ko da hukuncin mai sauƙi ne. Tsanani wanda ake iya kuɓuce masa da kuɗi ko da sanayya ba ya tsorata kowa. Annabi (S.A.W.) ya riga shi da ƙarnuka a al'amarin matar nan Bamakzumiya da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto. Ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba in ya yi sata da tsayar da haddi a kan mai rauni. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ƙaddamar da shari'a a Oktoba 1999, a watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum saboda satar saniya. Bayan shekara goma da 'yan kai, jihar nan ta zama cibiyar satar shanu da garkuwa da mutane, har 'yan gudun hijira daga arewa maso yammacin Nijeriya suka kwararo jihar Maraɗi a 2019. Aibin ba na shari'ar Allah ba ne, Allah Ya tsare mu da faɗin haka. Shari'a gini ce mai harsashi, wato zakka da ake tarawa a raba, da alƙalin da ba ya karɓar toshiya, da burtali da mashaya da ba a cinye ba, da hukunci ɗaya ga mai rawani da mai tsumma. Wanda ya ɗora haddi a inda babu waɗannan ya ɗora jinka ne a kan iska.

To, ko da ƙorafin mutumin nan gaskiya ne, maganin da ya kawo haram ne, kuma ba mu san saɓani a kan haka ba. Duk ɗalibin da ya kai babin jini da haddodi a Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san tsaurin sharuɗɗan. Sai abin da aka sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku. Sai an ɗauke shi daga ma'ajiyar da ake tsare irinsa, har ma dabbar da ke kiwo a daji babu yanke hannu a kanta sai in daga turkenta aka kwance ta. Sai shaidu biyu adalai, ko iƙirari, kuma iƙirarin da sanda ta fitar ba abin dogaro ba ne. Sai babu shubuha. Bayan duk wannan, mai tsayar da haddi shugaba ne ko alƙalin da ya naɗa. Liman ba ya yi, mai gari ba ya yi, balle taron kasuwa wanda rabinsa bai san abin da aka sata ba, ya ji ihu ne kawai ya ɗauki dutse. Kuma ko an cika sharuɗɗa duka, haddin sata bai kai ga rai ba. Waɗanda suka taru suka kashe ɓarawon da ya riga ya shiga hannu, kisan kai suka yi. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe, ya kuma nuna cewa da duk mutanen San'a ne suka haɗu a kai, da duk ya kashe su. Yawa ba ya raba jini ya zama kaɗan-kaɗan a kan kowa.

A ƙasarmu hukunta laifi yana hannun gwamnati. Nijar ta kafa kundin hukunta laifuffuka a 1961 bisa tsarin Faransa, inda aka ware wa satar dabbobi sashe na musamman, kuma hukuncinsa ɗauri ne da tara. Wanda aka kama ana miƙa shi ga jandarma ko 'yan sanda, su yi bincike su kai shi gaban mai shari'a, ɗaukaka ƙara kuma a Damagaram ake yinta. Sarakunanmu da masu gari doka ta ba su ikon sulhu a rikicin aure da gado da gona da bashi, ana rubuta takardar sulhun a sa hannu, amma ba ta ba su ikon ɗaure mai laifi ba. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa hukumomin filaye masu shata burtali da rubuta iyakar gonaki, kuma da ana zuwa wurinsu tun kafin damina da an rage jinin da ake zubarwa lokacin kaka. Wannan tsari ba shi ne na Risala ba, muna kuma da abin cewa a kansa. Shari'a tana jinkiri. Rahotanni sun sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke gidajen kaso na ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Yaron da ya shiga saboda akuya yana kwana ɗaki ɗaya da ƙwararren ɗan fashi, ya fito ya san abin da bai sani ba. A 2017 an yi dokar da ta ba alƙali damar maye ɗaurin ƙaramin laifi da aikin amfanin jama'a, wanda a ganinmu ya yi kusa da abin da malamanmu ke kira ta'aziri, wato horon da aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon mutum da laifinsa. Sai dai mu tambayi kanmu, sau nawa ake sakin wanda aka kama saboda mai kaya ya karɓi kayansa ya tafi, shaidu kuma kowa ya ce ba ya son zuwa bariki? Mutum hamsin sun fito dukansa, ranar ba da shaida ba a sami biyu ba. Ɓoye shaida kuwa ƙarshen Suratul Baƙara ya kira shi zunubin zuciya.

Da ƙura ta lafa a ranar, muka sa aka kira tsohuwar. Shari'a ta ba mai kaya damar yafewa kafin magana ta kai ga hukuma, kamar yadda ya zo a labarin Safwanu ɗan Umayya da mayafinsa, inda ya so ya yafe bayan ya riga ya kai ɓarawon gaban Annabi (S.A.W.), aka nuna masa cewa lokacin yafewar ya wuce. Muka ce mata, "Iya, ga akuyarki ta dawo. Kin yafe, ko a kai shi?" Ta ce, "Liman, ita ke nan gare ni. Da ita nake sa ran yi wa jikata kayan ɗaki. Daren jiya ban runtsa ba. A kai shi." Hakkinta ne, ba mu matsa mata ba. Muka raka shi da kanmu, mu da dattawan nan biyu, muka ba da shaidar abin da muka gani, har da raunin da ke goshinsa.

Ya yi watanninsa ya fito. Juma'ar farko da ya shigo masallaci muna kan mumbari, muka ga mutane suna jawo takalmansu kusa da gwiwa, wanda ke gefensa a sahu ya matsa ya bar tazara. Wani masani mai suna Beka ya rubuta a 1963 cewa sunan da jama'a suka liƙa wa mutum yakan tura shi ya zama abin da aka kira shi, domin in kowace ƙofa ta rufe sai ta tsofaffin abokansa, can zai koma. A Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa bulala, wata rana wani ya la'ance shi, Annabi (S.A.W.) ya hana, ya shaida masa da son Allah da ManzonSa. A wata ruwaya ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An yi masa hukunci, ba a kore shi daga sahu ba.

Mun kai yaron wurin masu sana'a biyu a garin nan, kowanensu ya ba mu haƙuri cikin ladabi. Na uku, mai gyaran babura, ya ce, "Malam, zan ɗauke shi, amma in ko sifana ɗaya ta ɓata, wurinku zan zo." Muka ce mun ɗauki lamuni, kwamitin masallaci ya shaida. Wata na huɗu ke nan yana can, har yanzu waɗansu in sun kawo babur sai su zare makulli su sa aljihu in sun gan shi.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu karanta hukuncin ɓarnar dabbobi a gona, da bambancin ɓarnar dare da ta rana kamar yadda ya zo a hadisin taguwar Barra'u ɗan Azibu, da hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya. Muna roƙon limaman ƙauyuka su karanta shi ga jama'a kafin ranar sakin gonaki, manoma da makiyaya suna zaune wuri ɗaya.